Jaruman Littafin Zane Za Su Iya Koya Wa Yaranmu Karatu?

Iyayenmu mata masu awo da masu sayar da kifin tafki a Madarumfa sun san wannan takaici: yaro ya shekara shida a lakwal, a miƙa masa takardar bashi ya karanta, sai ya tsaya yana zare ido. Amma a tambaye shi labarin Spider-Man, sai an ce ya isa haka.

Shi ya sa ake ta batun shigar da littattafan zane cikin aji. Hoto ne ke riƙe yaro. Maganar jarumin gajeriya ce, tana nan kusa da bakinsa, yaro ya ga abin da ke faruwa sannan ya haɗa baƙi don ya ji me aka ce.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1966 aka fara buga mujallar Kouakou don 'yan makarantar ƙasashe renon Faransa, sai dai da Faransanci jarumin ke magana. A 2006 kuma Dakta Naif Al-Mutawa na Kuwait ya fito da The 99, jarumai masu siffofin da ya danganta da sunayen Allah, amma a 2014 malaman Saudiyya suka yi fatawar haramta shi. Mu da ke maƙwabtaka da kaburburan waliyyai 99 mun san akwai abin da ba a kai wa alƙalamin zane.

To, mun rasa jarumai ne? Ga Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari sojojin Faransa a 1899, ga Ɗan Kasawa na Maraɗi. Harshe ma ba hujja ba ne: tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a Maris 2025 aka ayyana ta harshen ƙasa.

A ganinmu, lissafi ya fi komai buƙatar wannan dabara. A aji ana cewa faran 100, a kasuwa muna cewa dala 20, yarinya mai talla ta ruɗe tsakani, uwa ta kwana da asara. A zana mata jaruma irinta, mai faranti a ka, da ke kama mai ha'incin canji tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, inda sefa ke haɗuwa da naira, mu gani ko za ta ajiye littafin.

Sauran aiki mai zane da kuɗin bugawa. Wannan magana ce ta taron iyayen yara, kuma mu 'yan kasuwa mun cika aika uzuri ranar taron.