Mahaifa: tsokar da ke tsaida jinin biƙi

Duk ɗan Adam, sarki ko talaka, ya yi zaman wata tara a ɗakin da girmansa bai wuce dunƙulen hannu ba kafin ya shige shi. Mahaifar macen da ba ta da ciki, tsawonta santimeta 7 zuwa 8 ne, faɗinta wajen 5, nauyinta kuwa giram 50 zuwa 70. Tana can ƙasan mara, mafitsara a gabanta, hanji a bayanta. Siffarta kamar ƙaramar gora da aka kife: faɗin a sama, wuyan a ƙasa. Wuyan nan shi ake kira bakin mahaifa.

In ciki ya shiga, sai ta kama hawa. A wata na biyar ta iso cibiya, a na tara ta tokari haƙarƙari. Hawan nan ne sajfam ke bi da mitarta ranar awon ciki: santimeta 20 a wata na biyar, 32 ko 33 gab da haihuwa. A lokacin, ita kaɗai, ba da ɗa ba, tana kai kilo guda.

Yawancin jikinta tsoka ce, kuma babban aikin tsokar yana zuwa ne bayan an ji kukan jariri, sa'ad da kowa ke barka. A ƙarshen ciki, jinin da ke ratsa mahaifa ya fi rabin lita a kowane minti. Da mabiyiya ta ɓamɓare, jijiyoyin da ke ciyar da ita suna nan buɗe, ba mai ɗinke su. Mahaifar ce ke dunƙulewa ta shaƙe su. Jinin mai ciki gaba ɗaya bai wuce lita 5 zuwa 6 ba. In mahaifa ta saki jiki, mai karatu ya yi lissafin da kansa. Zubar jinin nan ita ce kan gaba wajen kashe mata a haihuwa a duniya.

Shi ya sa a gidan haihuwa ake yi wa mace allurar oksitosin da zarar ɗa ya fito, a riƙa murza mata mara har a ji mahaifa ta yi tauri kamar ƙwallo ƙarƙashin cibiya. Inda babu firiji, akwai ƙwayar misoprostol, wadda ba ta buƙatar sanyi. Ba jariri nono da wuri ma yana taimakawa, don tsotson yana sa mahaifa ta matse. Ciwon marar da mai jego ke ji tana shayarwa ke nan.

Tsokar tana gajiya. Doguwar naƙuda, tagwaye, haihuwa da yawa, ko guntun mabiyiya da ya saura, duk suna hana ta kamawa. A nan ne kunyarmu ke cutar da mu. Ana yabon macen da ta yi naƙuda shiru a ɗaki ita kaɗai, alhali a ƙauyen da ke nesa da Maraɗi ko Damagaram, awa biyu na farko bayan haihuwa na iya ƙarewa ana neman amalanke. Danna ciki da ƙarfi don ɗa ya fito, ko jan cibiya don mabiyiya ta sauko, ganganci ne.

Daga nan sai komowa. Mahaifa tana sauka wajen santimeta guda kowace rana; bayan sati biyu hannu ba ya jin ta ta ciki. Lokotoro ya ce sati shida, wato kwana 42, kafin ta koma mazauninta. Tsofaffinmu sun ce arba'in. Ko ta koma, takan ɗan fi yadda take kafin cikin fari girma.