Kasuwar Kurmi: Inda Baƙo Ke Neman Tsaraba

Duk baƙon da ya sauka a Kano, ma'aikaci ne da ya zo taro ko ɗalibi mai yawon buɗe ido, da wuya ya koma gida bai leƙa Kasuwar Kurmi don neman tsaraba ba. Kasuwar tana cikin tsohon birni, kusa da rafin Jakara, kuma Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya kafa ta. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus.

Mai shiga lungunan kasuwar zai tarar da rumfunan dukawa cike da alabe da zabira da takalma da tumtum. A gaba kuma ga masu sayar da sirdi da linzami da likkafa, ga huluna, ga faya-fayi, ga ƙorai masu zane. Fatar da dukawa ke ɗinkawa sai ta bi ta hannun majema, waɗanda ke jeme ta da bagaruwa, a kuma rina ja da karan dafi. Irin wannan fata ta jar akuya ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Shuɗin zane kuwa aikin marina ne, kamar na karofin Ƙofar Mata, inda ake haɗa baba da toka a rami.

Ciniki a nan yana da ladabinsa. Mai saye zai fara da gaisuwa, sa'an nan ya taya. In an ce masa "albarka", sai ya ƙara, har a sallama masa.

Sai dai akwai abin lura. Kayan roba da yadin kanti da ake shigowa da su sun fi araha, sun kuwa rage wa masu sana'ar hannu ciniki, har 'ya'yansu da dama suna guje wa gadon gida. Saboda haka ya kamata mai neman tsaraba ya shinshina fata, ya duba ɗinki, ya tambayi inda aka yi kayan kafin ya biya. Kuɗin da ya bayar a kan aikin hannu, shi ne zai sa baduku ya zaunar da ɗansa a rumfa ya koya masa riƙon basilla.