Kwalbar da Muke Jin Kunyar Mayarwa

Idan likita ya miƙo ƙaramar kwalba ya ce a kawo bayan gida, da yawanmu sai mu sa ta a aljihu mu wuce kemis. Kunya ce, musamman ga iyayenmu dattawa. Amma maganin kemis yakan ɓatar da sawun cutar kafin a gwada.

Zawo ba iri ɗaya ba ne. A ɗakin gwaji ake rainon ƙwayar cutar, a gane ko kwalara ce, da maganin da zai ci ta. A cibiyar Noguchi da ke Legon har asalin halittarta ake karantawa: idan ta majinyacin Nima da ta na Mamobi suka zo ɗaya, sai a bincika ruwan da suka sha. Ba mu manta 2014 ba, shekarar da kwalara ta kama sama da mutum 28,000 a Gana.