Kiyashi A Motar Tafiya: Shawara Ga Masu Zuwa Argungu

Yau zancenmu a kan wata 'yar ƙaramar halitta ne, wadda ta iya ɓata wa uwargida guzurin da ta kwana biyu tana haɗawa.

Kun san bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin. Idan shekarar yinsa ta zo, wajen watan Fabrairu ko Maris, mutane kan cika gari har masauki ya yi wuya. Daga Birnin Kebbi tafiyar kamar awa guda ce, amma iyalai da yawa sukan yini biyu ko uku, motar da ta kawo su ta zama ɗaki, ta zama madafa, ta zama rumbu. A Amurka da Turai har akwai motoci na musamman masu gado da murhu a ciki domin yawon shaƙatawa, su ma kukansu ɗaya da namu, watau kiyashi.

Ki fara sanin baƙonki, uwargida. Tururuwa hatsi take bi, sai ta ga tsabar gero ko shinkafa ta ja. Cinnaka kuwa, wanda bai san na gida ba, cizo ne aikinsa, yaro na barci a kan tabarma sai ki ji ya tsala ihu. Amma babban ɓarawon mota kiyashi ne, don ba kafar da ta yi masa ƙanƙanta, ga shi da son zaƙi da maiƙo. Alkaki, nakiya, dakuwa, kilishi, soyayyen kifi, duk nasa ne.

Ga yadda yake yi. Ɗaya tak ke fita neman abinci. In ya samu, sai ya koma gida yana barin wani wari a ƙasa, wanda hancinmu ba ya ji. 'Yan'uwansa su bi wannan wari, kowa ya wuce ya ƙara nasa, kafin ki idar da sallar la'asar an yi jerin gwano. Saboda haka murƙushe waɗanda kika gani da tsumma ba ya raba ki da su, muddin hanyar na nan. Sai kin wanke ta da ruwan sabulu, tun daga inda suka shigo har bakin kwanon. In akwai lemun tsami ki matsa a ruwan ɗauraya. Ke 'yar makaranta, ki gwada wannan a gida: ki goga jiƙaƙƙen yatsa a tsakiyar jerinsu, ki ga yadda za su rikice suna kai da kawo.

To, ta ina suke hawa mota? Ta duk abin da ya haɗa ta da ƙasa ko itace. Taya huɗu ke nan, sai kuma abin da mu da kanmu muke ƙara musu. Maigida ya ga inuwar mangwaro ko dalbejiya ya cusa mota har reshe na shafar rufinta, ke kuma ki ɗaura igiyar shanya daga ƙofar mota zuwa itacen. Kun gina musu gada biyu ke nan. Kafin a tsai da mota, ki roƙi maigida ya bari a duba ƙasa tukuna. In an ga 'yan ramuka da rairayi a bakinsu, a matsa gaba. Sa'an nan a zagaya kowace taya da toka busasshiya. Tana tare su, amma da iska ta kwashe ta ko raɓa ta jiƙa ta sai a sake. Kada a zuba kananzir kusa da mota, ga mai ga murhu.

Guzuri kuwa, leda ba ta tsare shi, ko an ƙulle bakinta. A sa sukari da kayan zaƙi cikin gwangwani ko roba mai murfi mai kamawa, a goge bayanta. A ci abinci a waje, kan tabarma, a kakkaɓe ta nesa da mota. Na san yara ba sa jin wannan magana, musamman in an sayo rake, amma ɓawon rake ɗaya a ƙarƙashin kujera ya isa ya gayyato gari guda. Kifin da aka sayo a bakin Matan Fada a rataye shi, kada a bar shi a but cikin kwali.

In kuma sun riga sun shiga, a fitar da kome, a ɗaga shimfiɗun ƙafa, a share, a wanke. Daga nan a kai motar tsakiyar rana a rufe gilasai na 'yan awoyi, ba yaro a ciki ko na minti ɗaya. Ranar Maris a ƙasar Kabi takan kai awo 40, cikin rufaffiyar mota kuwa ya fi haka nesa, kiyashi ba ya jurewa. Wani lokaci sukan yi gida a cikin ƙofa ko wajen wayoyin wuta, har su jawo wa maigida zuwa wurin makanike. In bayan kwana biyu har yanzu suna fitowa, to uwarsu na ciki. A nemi maganin kiyashi irin na tarko, mai zaƙi, wanda suke ɗauka su kai mata. Yakan ɗauki kwanaki, kuma a ajiye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Abin da nake roƙonku da girman Allah shi ne, kada ku fesa ota-fiya-fiya ko maganin gona a cikin motar da za a kwana ko za a ci abinci. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da irin su Sniper domin amfanin gida, saboda guba ce mai kisa. Mota wuri ne ƙuntatacce, kujerunta kuma suna riƙe magani, jinjiri na kwance a kai yana shaƙa.

Da kun dawo gida, kada a shigo da jakunkuna da tabarmi ɗaki kai tsaye. A baza su a tsakar gida su sha rana tukuna, a wanke kwanoni da kuloli a daren nan.