Ciwon Ƙafa Da Ya Ƙi Tafiya Bayan Rauni

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Doka da safe zai ga yadda ƙafafun jama'a suke cikin hatsari. Ga masu babur, ga masu tura baro, ga manoma suna sauke buhunan masara, yawancinsu kuwa silifa ne a ƙafarsu. Taya ta bi ta kan ƙafa, ko buhu ya suɓuce. A gona kuma san noma ya taka mutum. Sai a ce targaɗe ne, a shafa man zafi. Wata biyu ya wuce, mutum yana ta ɗingishi, gaban ƙafa da yatsu suna zugi. To, me ya faru?

Ƙafa ɗaya tana da ƙasusuwa 26. Daga ciki 14 na yatsu ne, 5 kuma dogaye ne da suke riƙe da yatsun. Duk lokacin da muka ɗaga diddige za mu yi taku, a kansu nauyin jiki yake sauka. Idan ɗaya ya tsage, yakan haɗe cikin mako 6 zuwa 8, in an huta. Amma mun sani, da damina ba manomin da zai zauna mako 6. Kullum aka taka, sai tsagar ta motsa.

Akwai raunin da ya fi wannan ɓoyewa. A tsakiyar ƙafa, inda dogayen ƙasusuwan nan suka haɗu da sauran, akwai jijiyoyi masu ɗaure su. In suka tsinke, ƙashi yakan goce kaɗan, ido ba zai gani ba. Likitoci suna kiransa da sunan Lisfranc, wani likitan sojan Faransa da ya rasu a 1847. An ce mahaya sukan same shi, in doki ya ka da su ƙafa tana cikin likkafa. Masu hawan salla a Zazzau sai su lura.

Alamarsa ita ce taruwar jini a tafin ƙafa, watau ta ƙasa, da kumburi a sama, kuma mutum ya kasa tsayawa a kan yatsunsa. Sau da yawa hoton ƙashi ba ya nuna shi in an ɗauka mutum yana kwance. Saboda haka a gaya wa likita dukan alamun nan, domin a ɗauki hoton a tsaye. In aka bar shi, tafin ƙafa yakan baje, gaɓar ta riƙa ciwo shekara da shekaru.

Ba mu raina masu ɗori ba, gama sun taimaki mutane da yawa. Amma hannu ba ya ganin ƙaramar gocewa irin wannan. Kuma in an ɗaure ƙafa da karare, yatsu suka yi sanyi, ko suka yi baƙi, ko suka mutu ba a jin taɓi, a kwance nan take, a nufi asibiti. Mai ciwon suga kada ya jira ko kwana ɗaya.

Wanda ya kasa taka ƙafarsa bayan rauni, ko ciwon ya wuce mako 6, ya je asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ko na Wusasa, ko Shika. In sai an yi aiki, ana yi a Shika da asibitin ƙashi na Dala a Kano. Kafin nan a riƙa ɗaga ƙafar bisa matashi, a riƙe sanda, a sa takalmi mai faɗi wanda ƙasansa ba ya lanƙwasawa.