Daga Malbaza Zuwa Lobe, Inda Kogi Ke Faɗawa Cikin Teku

Mu mutanen Malbaza mun san ruwa da lissafi. Idan damina ta yi kyau ana samun milimita 500 ko kusa da haka a yankin Konni, cikin wata uku zuwa huɗu. Koramar Majiya takan cika ta yi ambaliya a watan Agusta, kafin kaka ta ƙare kuma yara na wasa a kan yashinta. Ba ta ma kai teku, a tafkin Kalmalo take tsayawa, can tsallaken iyaka. Abin da madatsun Mozage da Zango suka tare, shi ake rabawa gonakin rani na Konni, kowa da ranarsa. Da irin wannan idon na je Kamaru ziyarar kawuna da ke kasuwanci a unguwar New Bell ta Duwala, kuma da shi na kalli mafaɗar ruwan Lobe.

Daga Duwala mota ke kai mutum Kiribi, ta garin Edeya inda ake haye kogin Sanaga, tafiyar wajen awa uku. Kiribi gari ne na bakin tekun Atilantika. Hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906 tana nan a bakin kogin Kiyenke, kuma a nan bututun man fetur na Cadi ke ƙarewa tun 2003. Mafaɗar ruwan tana kudu da gari da kilomita 7, kan hanyar Kampo. Masu kabu-kabu sun yi mana ca, amma na roƙi Kawu mu taka da ƙafa.

"Yaro, a wannan zafin?" in ji shi.

"Kawu, ku yi haƙuri. Wanda ya saba hawa duwatsun Adar da azumi a baki, kilomita bakwai ba za su gagare shi ba."

Mun fita bayan sallar asuba, a watan Nuwamba, lokacin da ruwan sama ya fara sauƙi amma kogi na cike. Wani wuri mu bi yashin bakin teku, inda duwatsu ko katangar otel suka tare hanya mu hau kwalta. Zafin can ba irin namu ba ne. Namu yana busar da gumi, nasu yana jiƙa riga ya bar ta a jiƙe. Mun wuce masunta suna jawo kwale-kwale, ga itatuwan kwakwa sun sunkuyo kan ruwa. Tun kafin mu ga komai kunne ya fara sanar da mu. Ƙarar igiyar teku tana zuwa tana komawa, amma a ƙarƙashinta sai ga wani rugugi da ba ya yankewa. Wanda ya zo kan babur ba zai ji yadda wannan rugugin ke girma taku bayan taku ba, shi ya sa nake ganin tafiyar ƙafa ita ce rabin ziyarar.

Kogin Lobe yana fitowa daga cikin kurmi, ya rabu hannu-hannu tsakanin baƙaƙen duwatsu da bishiyoyi, sannan ya zubo daga tsayin da ya kai wajen mita 20 kai tsaye cikin teku. Yawancin koguna sukan lafa kafin su isa teku, su baje cikin laka da yashi. A nan dutse mai tauri ya zo har bakin gaɓa, kogin bai iya cinye shi ba, dole ya diro. Irin wannan wuri kaɗan ne a duniya, kuma tun 2006 Kamaru ta saka shi cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su.

Mun shiga kwale-kwale aka matsa da mu kusa. Feshin ruwan ya jiƙa mana fuska. Na ɗebo da tafin hannu na ɗanɗana: ruwan daɗi ne. Da muka ja baya kaɗan na sake ɗanɗanawa, gishiri ya fara shiga. A nan zuciyata ta karye. Na tuna matan ƙauyenmu da ke layi a bakin rijiya a watan Afrilu, da manoman albasar Galmi da ke ƙirga kuɗin man injin ban-ruwa. Na ce wa Kawu wannan ai asara ce. Ya girgiza kai ya ce, "Ba asara ba ce, rabonsu ne. Su ma da ka ba su rana irin tamu su shanya kifi, da sun gode." Gaskiya ya faɗa. Kiribi na samun ruwan sama kusan milimita 3,000 a shekara, ninkin namu sau shida.

Wurin kuma ba na ƴan yawon buɗe ido ba ne kawai. Kabilun Batanga da Mabi suna girmama shi, suna yin al'adunsu a nan, kuma can sama cikin kurmi akwai Bagiyeli, tsofaffin mazauna dajin. Baƙo ya kamata ya shiga da ladabi, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton mutum. A bakin yashi mata na soya ayaba da jatan lande, wanda aka kamo a kogin da ƴan tarkunan saƙa. Mun ci, muka yi alwala da ruwan kogi, muka yi azahar a inuwa.

Ga duk wanda Allah Ya kai Duwala daga cikinmu, ina roƙonsa ya ware kwana ɗaya don Lobe. Ya fita da sassafe, ya riƙe ruwan sha, ya sa takalmin da ba ya santsi domin duwatsun suna da gansakuka, ya yi cinikin kwale-kwale kafin ya shiga, kuma kada ya yi wanka kusa da inda ruwan ke zuba.