Shari'ar Hissène Habré a Alƙaluma: Aikin da Alƙalan Ƙasashe Suka Yi

Kotun ƙasa da ƙasa ba ta da 'yan sanda. Ba ta da ikon tsallaka iyakar wata ƙasa ta tone kabari, ko ta kwashi takardun hukuma, ko ta kama mutum. Masu gabatar da ƙara da alƙalan ƙasashe ne ke yi mata wannan aiki, idan gwamnatocinsu sun sakar musu mara. Shi ya sa Yarjejeniyar Rum ta 1998, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, ta keɓe babi na 9 sukutum ga haɗin kan ƙasashe. Shari'ar tsohon shugaban Chadi, Hissène Habré, wanda ya yi mulki daga 1982 zuwa 1990, ba a waccan kotu aka yi ta ba. A Dakar aka yi ta, gaban kotu ta musamman da Senegal da Tarayyar Afirka suka kafa. Alƙalumanta sun nuna abin da haɗin kan ƙasashe ke samarwa, sun kuma nuna inda yake tsayawa.

Shekara 16 kafin hukunci

A Janairun 2000 wasu 'yan Chadi da aka azabtar suka shigar da ƙara a Dakar, inda Habré ke gudun hijira. A watan Fabrairu alƙalin bincike Demba Kandji ya tuhume shi, ya sa aka yi masa ɗaurin talala. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke tuhumar, kuma a Maris 2001 babbar kotun ƙasar ta tabbatar da sokewar, bisa hujjar cewa dokar Senegal ba ta ba kotunanta hurumin laifin azabtarwa da baƙo ya aikata a wata ƙasa ba. Alhali Senegal ta amince da yarjejeniyar haramta azabtarwa tun 1986. Sa hannu a yarjejeniya daban, shigar da ita cikin dokar gida daban. Sai a 2007 da 2008 aka gyara doka da tsarin mulki.

Daga waccan ƙara zuwa hukuncin ranar 30 ga Mayu 2016 an yi shekara 16. Kotun ta musamman kuwa an buɗe ta ne ranar 8 ga Fabrairu 2013, ta yi bincike da shari'a cikin shekara uku da 'yan watanni. Ma'ana, shekara 13 sun tafi ne wajen gardamar wa zai yi shari'ar, da wace doka, da kuɗin wa. Sai da Kotun Duniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta umarci Senegal, ranar 20 ga Yuli 2012, ta gurfanar da shi ba tare da jinkiri ba ko ta miƙa shi, sannan aka motsa.

Shekara 4 a hannun alƙali ɗaya

Da ƙofa ta rufe a Dakar, ƙarar ta koma Beljiyam, wadda dokarta a lokacin ta yarda a binciki manyan laifuka ko a ina aka aikata su. Alƙalin bincike Daniel Fransen ya je Chadi a 2002 tare da jami'ansa, ya saurari shaidu, ya shiga gidajen yarin da aka tsare mutane, ya ɗauki kwafin takardu. A shekarar kuma gwamnatin Chadi ta sanar cewa Habré ba shi da rigar kariya. Bayan bincike na shekara huɗu, a Satumba 2005, alƙalin ya fitar da sammacin kamu na ƙasa da ƙasa. Senegal ba ta miƙa shi ba, amma aikin bai tafi a banza ba. Sammacin ne ya zama tushen ƙarar da Beljiyam ta kai Senegal a Kotun Duniya, kuma daga baya kundin binciken ya isa hannun alƙalan Dakar.

40,000, da 3,780, da 1,208

Waɗannan alƙaluma uku ana yawan cakuɗa su, alhali kowanne abin da yake ƙirgawa daban ne. Adadin 40,000 na mutanen da aka kashe a mulkin Habré ƙiyasi ne na hukumar bincike da Chadi ta kafa, wadda ta fitar da rahotonta a 1992. Mamatan da hukumar ta iya ƙirgawa 3,780 ne, ta ɗauka cewa wannan bai wuce kashi 10 cikin 100 na waɗanda aka kashe ba. Adadin 1,208 kuwa ya fito ne daga takardun rundunar 'yan sandan asiri ta Habré, wato DDS, waɗanda ma'aikatan ƙungiyar Human Rights Watch suka tarar a zube a tsohon ofishin rundunar a 2001. Sunaye ne na mutanen da aka kashe ko suka mutu a tsare. Takardun sun kuma ambaci mutum 12,321 da aka azabtar, ko aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, ko aka ci zarafinsu ta wata hanya.

A gaban alƙali, ƙaramin adadin ya fi babban nauyi, domin yana da suna, da rana, da sa hannun jami'i. Akwai ma wani adadi da ya fi su haɗa laifi da mai mulki: rahotanni 1,265 da DDS ta aika wa Habré kai tsaye a kan fursunoni 898. Da irin wannan ake rushe hujjar shugaban da zai ce bai san abin da ake yi a ƙarƙashinsa ba. Kuma takardun a ƙasar Chadi suke, ba mai taɓa su da sunan shari'a sai da amincewar hukumominta.

Shaidu 2,500, sai 93

A Mayun 2013 Senegal da Chadi suka ƙulla yarjejeniyar taimakon juna a shari'a. Da ita alƙalan bincike huɗu, dukansu 'yan Senegal, tare da babban mai gabatar da ƙara Mbacké Fall, suka yi tafiyar bincike huɗu zuwa Chadi. A irin wannan tsari alƙalin waje yana rubuto abin da yake so a yi, jami'an shari'ar ƙasar da aka je su aiwatar da ikonsu, yana wurin yana kallo. Cikin wata 19 aka ɗauki bayanan mutum wajen 2,500. An ɗauko ƙwararrun tonon kaburbura daga Ajantina, suka gano gawa 21 a Deli da ke kudancin Chadi, da gawa 14 a Mongo da ke tsakiyar ƙasar.

Da aka fara shari'a ranar 20 ga Yuli 2015, ƙarƙashin alƙali Gberdao Gustave Kam ɗan Burkina Faso da alƙalai biyu 'yan Senegal, shaidu 93 ne suka yi magana a gaban kotu. Wato kusan mutum ɗaya cikin kowane 27 da aka saurara. Abin da duniya ta gani a zauren kotu ɗan tsakure ne. Sauran aikin an yi shi tun da farko, a ofisoshin alƙalai da na 'yan sanda a Chadi.

1 cikin 6

A nan ne haɗin kan ya yi rauni. Mai gabatar da ƙara ya nemi a tuhumi mutum biyar bayan Habré. Uku ba a kai ga kama su ba. Biyu, Saleh Younous tsohon shugaban DDS da Mahamat Djibrine, suna tsare a Chadi, amma gwamnati ta ƙi miƙa su. Ta gurfanar da su a gida, kuma ranar 25 ga Maris 2015 kotu a Injamena ta sami tsofaffin jami'ai 20 da laifi, bakwai aka yi musu ɗaurin rai da rai. Hukuncin abin maraba ne, sai dai ya bar Habré shi kaɗai a gaban kotun Dakar, ba tare da mutanen da suka fi kowa sanin yadda umarni ke sauka ba.

Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ma haka take fama. Ta fitar da sammacin Ahmad al-Faqi al-Mahdi, kan rusa hubbarorin Timbuktu, ranar 18 ga Satumba 2015, hukumomin Nijar suka miƙa shi ranar 26 ga watan: kwana takwas. Omar al-Bashir kuwa, shugaban Sudan a lokacin, an fitar masa da sammaci a 2009 da 2010, ya ziyarci ƙasashe mambobin kotun da dama, har da Najeriya a 2013, ba wanda ya kama shi. Kotu ɗaya ce, doka ɗaya ce, nufin gwamnatoci ne ya bambanta.

Sefa biliyan 82 a takarda

Kasafin kuɗin kotun Dakar bai wuce yuro miliyan 8.6 ba, Chadi ce ta fi kowa ba da gudummawa da sefa biliyan 2. Da wannan aka yanke wa tsohon shugaban ƙasa ɗaurin rai da rai. Ranar 27 ga Afrilu 2017 sashen ɗaukaka ƙara ya tabbatar da hukuncin, ya ƙayyade diyyar sefa biliyan 82.29 ga mutum 7,396, wato kimanin miliyan 11 kowanne idan an raba daidai. Kotun Injamena ma ta yanke diyyar biliyan 75. Habré ya rasu a Agusta 2021 ba a biya ko ɗaya daga cikin diyyoyin biyu ba. Sai a 2024 gwamnatin Chadi ta fara raba biliyan 10, abin da ya ba kowane mutum ƙasa da sefa miliyan ɗaya. Da yawa daga cikin waɗanda suka ba da shaida sun riga mu gidan gaskiya kafin nan. Gano dukiyar mai laifi da ƙwace ta shi ma aikin masu gabatar da ƙara na ƙasashe ne, kuma shi ne ɓangaren da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Abin da alƙaluman ke nema daga gare mu

Inda doka ta ba alƙalin ƙasa hurumi, gwamnati kuma ta bar shi ya yi aikinsa, an tattara shaidu 2,500 cikin wata 19. Inda dokar gida ta gaza, an yi asarar shekara 13. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Rum a 2001, ta kuma shafe sama da shekara ashirin ba ta shigar da ita cikin dokokinta ba, ga shi arewa maso gabas cike take da iyalan da ke neman sanin makomar 'yan uwansu. Duk mai son adalci a kan irin waɗannan laifuka, ya fara neman abu uku a gida: dokar da ta ambaci laifukan da sunansu, alƙalan bincike da ba a sauya musu wurin aiki don sun taɓa babban mutum, da adana takardun hukuma ko da abin da ke cikinsu bai yi wa masu mulki daɗi ba.